Daga Turmi Zuwa Buhu: Tarihin Ƙwayar Mai a Gwarzo da Kabo

A 'yan shekarun nan wata baƙuwar ƙwaya ta shiga jerin abubuwan da ake tallatawa a matsayin magani a ƙasar Kano. 'Yar ƙarama ce, shafaffiya, ruwan ƙasa, tana sheƙi, ita ce ƙwayar kittani, wadda Larabawa ke kira bizirul kattan. Ba amfanin gonar Gwarzo ba ce, ba kuma ta Kabo ba, amma yabonta ya riga ta isowa ta cikin wayoyin hannu: ana cewa tana sauke hawan jini, tana narka kitse, tana warkar da ciwon suga, har da masu ƙarawa da ciwon daji. Mai hawan jini da ya gaji da sayen ƙwayoyin asibiti wata bayan wata, in ya ji wannan, ba a ga laifinsa ba in ya sa rai. Abin da ya dame ni shi ne, wannan sa rai yana faruwa ne a ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana noman ƙwayoyin mai, tana cinsu, tana jinya da su. Hujjata a nan guda ce: amfanin ƙwayar mai ga jiki, ta gida ce ko baƙuwa, yana zuwa ne ta hanyar cinta kullum a cikin abinci, kuma wannan hanya ce mutanen yammacin Kano suke da ita a hannu kafin cinikin ƙarni guda ya raunana ta.

A fara ba baƙuwar haƙƙinta. Kittani yana cikin tsirran da ɗan Adam ya fara nomawa a Gabas ta Tsakiya, dubban shekaru da suka wuce. Da zarensa Misrawan zamanin Fir'auna suka saƙa tufafinsu, da shi kuma suka naɗe gawarwakin sarakunansu. A Turai an daɗe ana matse mansa don haɗa fenti, kuma yau manyan masu nomansa su ne Rasha da Kazakistan da Kanada da Sin. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar mai ne, fiye da rabin wannan man kuwa wani nau'i ne na omega-3 da jiki ba ya iya ƙera wa kansa. Fiye da rubu'inta dusa ce da hanji ke buƙata, kuma in aka jiƙa ta a ruwa sai ɓawonta ya saki yauƙi mai kauri. Wannan yauƙi da dusar su ne suka sa likitocin Turai suka amince da ita wajen sauƙaƙa taurin bayan gida, amfanin da ya fi kowanne tabbata. Maganar warkar da ciwon daji ko ciwon suga kuwa, babu wani gwaji a kan mutane da ya tabbatar da ita, duk wanda ya faɗa wa majinyaci haka ya zalunce shi.

Batun hawan jini shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A shekarar 2013 masu bincike a birnin Winifeg na Kanada suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 110 masu fama da toshewar jijiyoyin jini na ƙafa. An kasa su gida biyu, gida ɗaya ana ba su giram 30 na niƙaƙƙiyar ƙwayar kittani kowace rana, a cikin burodi da makamantansa, har tsawon wata 6. A ƙarshe awon jininsu na sama ya yi ƙasa da na ɗaya gidan da kimanin maki 10, na ƙasa da kimanin 7. Wannan sakamako ne babba, ko da yake da aka tattara gwaje-gwaje da dama daga baya aka haɗa lissafinsu, saukar ta tsaya wajen maki 2 zuwa 3. Ko wanne aka ɗauka, a duba yadda aka ci ta. Giram 30 sau kwana 180 ya haura kilo 5 ga mutum ɗaya. An niƙa ta, domin in aka haɗiye ta ɗungurungum yawanci haka take fita. An cusa ta cikin abincin yau da gobe. Majinyatan kuma ba a ce su ajiye magungunansu na asibiti ba. Wanda ya sayi 'yar roba ɗaya ya sha cokali a shayi na mako biyu, sa'an nan ya daina shan ƙwayar likita, abin da ya yi bai yi kama da wannan gwaji ta ko'ina ba, rayuwarsa ya jefa cikin haɗari. Abin da gwajin ya nuna shi ne aikin abinci, mai yawa, a kai a kai, na dogon lokaci.

To wannan hanya ita ce tsohuwar hanyarmu. Wanda ya fita Kano ta Ƙofar Kabuga ya miƙi titin yamma, ya wuce Rimin Gado da Garo har ya kai Gwarzo, tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka, ya ratsa ƙasar dawa da gero da auduga da gyaɗa, wadda ta zarce har Dayi da Malumfashi a jihar Katsina. A garuruwa irin su Getso da Kutama da Godiya da Kabo, kamar sauran karkarar Hausa, mai ba abin da ake jira daga kanti ba ne, sana'ar matan gida ne. A soya gyaɗa a kasko har ta yi ja, a murje ta, a sheƙe ɓawon a faifai, a daka ta ko a niƙa har ta zama kwaɓi mai santsi. Sai a zuba a turmi, mace ta riƙa juyawa da taɓarya tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. A nan gwaninta take, domin in ruwan ya yi yawa ya ɓata aikin, in ya yi kaɗan man ya ƙi tasowa. Can sai kwaɓin ya dunƙule, mai ya kwanto a samansa, a kwashe, a matse sauran da hannu. Tunkuzar da ta rage a mulmula ta, a soya ta cikin man da ta bayar, ta zama ƙuli-ƙuli. Ba a zubar da komai. Man ya tafi miya da tuya, ƙuli-ƙulin a daka shi ya shiga kwaɗon zogale da na rama da yajin tsire, tunkuza ta ɗaure miya, yarinya ta ɗauki saura ta fita talla, kuɗin ya zama na uwar, wanda da shi ake tara kayan ɗakin 'ya.

Riɗi yana da nasa gurbin, a miya da kantu, danginsa karkashi kuma ga shi a bakin gona ana tsinkar ganyensa. Wanda ya ga yauƙin jiƙaƙƙiyar ƙwayar kittani ya yi mamaki, ya manta cewa tukunyar gidansu ta daɗe da sanin wannan abu a karkashi da kuɓewa da lalo, kuma dusa mai narkewa a ruwa ce ke kawo shi a dukkansu. A irin wannan gida iyakar da ke tsakanin abinci da magani siririya ce ƙwarai. Kunun gyaɗa ake dama wa mara lafiyar da ya kasa cin tuwo da yaron da aka yaye, man shanu da man kaɗe su ne na shafa ga jariri da mai kaushi. Masu bincike biyu daga Amurka, Nina Etkin da Paul Ross, da suka zauna a wani ƙauye kudu maso gabashin Kano tun cikin shekarun 1970, sun tattara tsirran da mutane ke jinya da su, suka tarar da yawa daga cikinsu ana cinsu a matsayin abinci, suka kuma yi hujja cewa ba za a fahimci tasirinsu ga lafiya ba sai an lissafa abin da ke shiga ciki ta kwanon tuwo. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawa kusa da Malumfashi, maƙwabtan Gwarzo na kusa, ya lura da wani abu da ya shafi maganarmu ta wata fuskar: mutane suna gwada magani daga kowace ƙofa, ta boka da ta malam da ta asibiti, ba tare da sun matsa sai sun san yadda yake aiki ba. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce mai tallar baƙuwar ƙwaya yake shigowa ta cikinta yau.

Abin da ya sauya matsayin ƙwayar mai shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa wa rai, don masaƙunsu na Lankashaya, amma manoman Kano suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi a lokacin, in ciniki ya ƙi ana iya cinta, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Fatake irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo, waɗanda suka goge a fataucin goro, suka baza yaransu cikin karkara suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi kafin kaka. Haraji kuma ga shi ana nemansa da kuɗin Bature, ba da damin hatsi ba, don haka kowane magidanci ya san dole ya ware wani yanki na gonarsa ga abin da sikeli zai karɓa. Jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, suka riƙa kwasar buhuna daga gundumomi zuwa tashar Kano, inda aka jera su suka zama dalar gyaɗa. A 1949 gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda riɗi ma yana ƙarƙashinta, ita ke yanka farashi, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar kasuwanci ta Jihar Arewa. Rarar da ke tsakanin kuɗin da aka biya manomi da kuɗin da aka sayar a Turai ta yi ayyuka da yawa a Arewa, ba a musun wannan. Amma man da aka matse daga gyaɗar ƙasar Kano a Ingila da Faransa, a bakin wasu ya shiga.

Mai karatu da ya san tarihin zai ce: ai zamanin dalar gyaɗa bai kashe sana'ar mai da ƙuli-ƙuli ba, raya ta ma ya yi. Gaskiya ne, kuma mai bincike Polly Hill ta ga haka da idonta a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, inda matan kulle ke gudanar da ciniki mai ƙarfi daga cikin gidajensu, man gyaɗa na cikin manyan kayansu. Gyaɗa ta yi yawa a ƙasa, don haka ta yi yawa a tukunya. Sai dai yalwar ta rataya ne a wuyan kasuwar da ba mu ke juya ta ba. Gyaɗa ta tashi daga abin da gida ke nomawa gwargwadon cinsa, ta zama kuɗin haraji da na aure da na biyan bashi, kuma tsarin noma da iri da bashi duk an gina su ne don buhun da zai hau jirgi. Da ginshiƙin ya karye sai ya faɗo har kan murhu. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye amfanin shekarar a faɗin Arewa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Najeriya da take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa ta daina fitarwa, masana'antun matsar mai na Kano suka rasa abin matsa, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya. Manoma da yawa suka koma wa dawa da masara da wake. Gurbin da aka bari man jarka ya cike shi, wanda akasarinsa tataccen man kwakwar manja ne, mai ne zalla, babu tunkuza a bayansa, babu ƙuli-ƙuli. Sana'ar matan ba ta mutu ba, har gobe ana yinta a Gwarzo da Kabo, amma gyaɗa ta yi tsadar da talaka ke auna ta da gwangwani, miyar da a da take ɗaure da ita yanzu sau da yawa ruwa ce da ɗanɗanon dunƙule.

Riɗi yana bin wannan sawu a gaban idonmu. Najeriya tana cikin manyan masu nomansa a duniya, kuma yana cikin amfanin gonar da ya fi kawo mata kuɗin waje. Daga Maigatari a Jigawa da kasuwar Dawanau a Kano ake tara shi, a tsabtace, a tura Japan da Sin da Turkiyya, inda ake matse shi, ake kwaɓa shi, ake barbaɗa shi a kan burodi. Rabin ƙwayar riɗi mai ne, kuma tana ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da waɗanda ake yabon kittani saboda su. Manomin da ya sayar da riɗinsa kaf a kaka ba wauta ya yi ba, farashin ne ya fi ƙarfin tukunyarsa, ga bashin taki yana jira. Amma sakamakon shi ne gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa, daga baya kuma a ɗebi wani abu daga kuɗin a sayo ƙwayar wata ƙasa da tsada, a sha da ƙaramin cokali.

Za a iya cewa wannan ƙyamar baƙon abu ce kawai, alhali maganin Hausa bai taɓa rufe ƙofarsa ba. Wannan ƙalubale yana da ƙarfi, domin tarihi na bayansa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kayan yaji da na magani ke ratso Sahara zuwa Kano. Kanumfari da hulba da habbatus sauda duk baƙi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan basir da ciwon ido da amfani da sanamaki, yana ɗebowa daga littattafan likitancin Larabawa. Gyaɗar da nake ta magana a kanta ma asalinta Kudancin Amurka ne, darbejiya kuwa daga Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa. Saboda haka baƙunta ba aibi ba ce. Sai dai a duba yadda waɗannan baƙi suka zauna. Gyaɗa ta shiga gona ta shiga turmi har aka manta baƙuwa ce. Kanumfari ya shiga yaji da kunu da fura. Waɗanda suka tsaya a matsayin magani zalla, irin sanamaki, sun zo da ilimin malamai a bayansu, da bayanin cutar da suke yi wa aiki da yadda ake shansu. Ita ma ƙwayar kittani akwai inda ta zauna haka a nahiyarmu: a Habasha ana nomanta, ana soya ta a niƙa, a dama ta a sha ko a ci da gurasarsu, musamman a kwanakin azumin Kiristocin ƙasar. Can abinci ce mai araha. Nan kuwa ta iso ba gona, ba tukunya, ba malami, sai baki mai zaƙi da lambar waya.

Ƙalubale na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ba zan rage masa komai ba. Omega-3 ɗin da ke cikin kittani babu shi a gyaɗa da riɗi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya ce riɗi zai maye gurbinta a wannan fanni bai faɗi gaskiya ba. Abu biyu ne kawai za a ƙara. Nau'in da ke cikin tsirrai sai jiki ya juya shi zuwa irin wanda ake samu a kifi, kuma kaɗan yake iya juyawa, don haka kifin da ake kamawa a madatsun ruwa irin na Challawa da ke Ƙaraye, da sardin da ake sayarwa a kasuwa, hanya ce da ba a raina ta. Waken suya kuma, wanda awararsa ta zama abincin yara da manya a kowane lungu na Kano, yana ɗauke da irin na kittanin, ko da yake bai kai shi yawa ba. Mai hali da yake son ƙwayar kittani ya saya, amma ya yi mata yadda gwajin ya yi: ya niƙa kaɗan-kaɗan domin garinta saurin ɓaci gare shi a zafinmu, ya zuba a kunu ko koko, ya sha ruwa sosai, kada ya ɗirki ɗanyarta da yawa domin tana da ɗan guba da ke ƙaruwa da yawan abin da aka ci, ya sanar da likitansa, musamman mai ciki da mai shan maganin tsinka jini. Lambar NAFDAC a jikin roba kuma ba shaida ce ta warkarwa ba.

Saura ƙalubalen da ya fi kusa da zuciyata, wato cewa yabon tukunyar da ta wuce yana rufe ido daga cutarwarta. Tana da ita kuwa. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun nuna tun cikin shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma al'adar ba ta zama daidai don ta tsufa. Gyaɗa ma tana da nata haɗarin. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil, binciken da ya biyo baya ya gano gubar afalatoksin, wadda wata fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara in fari ya dame su a gona ko aka adana su da danshi. Gubar tana lalata hanta, tana kawo ciwon dajinta, suya kuma ba ta kashe ta. Nan ma tarihin buhu bai bar mu ba. Masu saye daga Turai sun sa ma'auni mai tsanani, don haka gyaɗar da za ta fita ake tsincewa a gwada, wadda aka tsince aka ware, mai tabo da motsattsiya da mai ɗaci, ita ce ke da araha, ita ce kuma sau da yawa take ƙarewa a kaskon ƙuli-ƙuli, tunda a tunkuza gubar ta fi zama. Maganin wannan sananne ne: a cire gyaɗa a kan kari, a busar da ita sosai ba a kan ƙasa tsirara ba, a ɗora buhu a kan katako, a zubar da mai tabo kada a ba yara ko kaji. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin SAMNUT masu jure kuturta da saurin nuna, cibiyar IITA kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni kafin gyaɗa ta yi fure don ya rage gubar tun daga ƙasa. Dukkansu suna nan a Najeriya, kuma malamin gona da zai kai su Getso da Garo, ya zauna da matan da ke matsar mai ya nuna musu wace gyaɗa ce ba ta shiga kasko, aikinsa na ƙaramar hukuma ne da ma'aikatar gona ta jiha.